Tuƙin jirgi ko aikin hasumiya: abin da na faɗa wa ɗan yayana kafin a sayar da fili

Sati biyu da suka wuce Yaya ya kira ni bayan sallar isha'i yace in zo gida akwai magana. Na je na tarar da shi a zaure da takardun filinsa na Danbare a gabansa, ɗansa na biyu kuma yana rakuɓe a gefe yana latsa waya amma kunnensa gaba ɗaya yana wajenmu. Yaron ya gama sakandare, sakamakonsa yayi kyau musamman lissafi da fiziks, kuma tun yana ɗan firamare ba shi da zance sai jirgi, dan a Kurna muka tashi, unguwar da in jirgi zai sauka sai kaga kamar ka miƙa hannu ka taɓa cikinsa. Yaya yace, "Kai ne ka san mutanen iyafot. Yaron nan ya nace sai tuƙin jirgi, ni kuma abin da na mallaka kenan a gabanka. Wani ya ce min akwai aikin masu ba jirgi hanya, wai shi gwamnati ce take koyarwa kyauta. Wanne za mu kama?"

Yaron ya ɗago kai yace, "Baffa ni fa bana son aikin ɗaga wa jirgi sanda."

Wannan maganar tasa ita ce ta sa nake rubuta wannan, sabida na gane ba shi kaɗai bane, mutane da yawa a garin nan haka suka ɗauka. Na yi shekaru ina yankan tikiti da shirya wa mutane tafiyar Umara, filin jirgin Malam Aminu Kano ya zame min kamar gida, na zauna da matuƙa na zauna da 'yan hasumiya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kallon aikin kula da zirga-zirgar jirage kamar wani ragowar abinci da ake ba wanda ya rasa tuƙi. Wallahi ba haka bane. Sana'o'i ne guda biyu da suka haɗa sama ɗaya amma komai nasu daban, daga hanyar shiga har irin mutumin da kowacce take buƙata.

Bari in fara da gyara wancan kuskuren. Mutumin nan da kake gani a ƙasa da riga mai ƙyalli yana ɗaga sanduna biyu, aikinsa ya nuna wa jirgi inda zai yi fakin, shikenan, kuma aiki ne mai amfani amma ba shi ake nufi ba. Kontirola, wato mai kula da zirga-zirgar jirage, shi ba ma ka ganinsa. Wani yana can saman hasumiya cikin gilashi, idonsa a kan titin jirgi, shi ne ke cewa wane ka tashi, wane ka sauka, wane ka tsaya a nan kar ka tsallaka. Wani yana ɗaki a ƙasa gaban allon rada yana jera jiragen da ke kusantowa gari ɗaya bayan ɗaya, yana rage wa wannan gudu yana karkata wancan dan su shigo a layi. Na ukun kuma shi ne mai babbar gona, wanda ke riƙe da jiragen da ke can ƙololuwa suna ratsa ƙasa, har da waɗanda ba za su sauka a Najeriya ba sam, irin wanda ya taso daga Turai zai je Afirka ta Kudu cikin dare, muna barci yana wucewa ta kanmu, amma sai ya yi magana da wani ɗan Najeriya kafin ya wuce.

Kuma ga abin da yawancin Kanawa ba su sani ba, a taswirar jiragen sama ta duniya sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano aka san shi, Kano FIR ake kiransa, cibiyar Kano da ta Legas ne suka raba aikin kula da shi. Alaƙar Kano da jirgi ta samo asali ne tun tuni, dan jiragen farko da suka taɓa zuwa ƙasar nan Kano suka nufo, suka sauka a nan 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. Da na faɗa wa yaron haka sai na ga ya ajiye wayar.

Asalin aikin kontirola kalma ɗaya ce, tazara. Kada jirgi biyu su kusanci juna fiye da abin da doka ta yarda. A can sama ana raba su da ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa, a gefe kuma in akwai rada galibi mil 5 na teku. Ka ji kamar da yawa ko? Toh jirgin fasinja yana cin kilomita 800 da wani abu a awa, in biyu suka fuskanci juna wannan tazarar cikin daƙiƙoƙi kaɗan take ƙarewa. Dan haka kontirola ba ya aiki da inda jirgi yake yanzu, yana aiki ne da inda zai kasance nan da minti biyar ko goma, kuma ba jirgi ɗaya ba, yana iya riƙe da goma ko fiye a kansa lokaci guda, kowanne da tsayinsa da gudunsa da inda ya dosa. Na taɓa samun izini aka hau da ni hasumiya da yamma lokacin jigilar alhazai, abin da ya tsaya min a rai har yau shi ne shirun wajen. Na zaci zan tarar da hayaniya. Wani bawan Allah ne zaune da abin magana a kunne, gabansa wasu 'yan siraran takardu a jere kowacce jirgi ɗaya ce, yana magana a hankali kamar mai karanta wasiƙa, ya matsar da takarda ɗaya sama ya ja layi a wata, idonsa ya je titi ya dawo, ga shayinsa nan ya huce ko kurɓa ɗaya bai yi ba. Muna tsaye a bayansa kusan rabin awa bai waiwayo ba sai da wani ya karɓe shi, sannan ya miƙe ya ba mu hannu yace "sannunku da zuwa, ku yi haƙuri."

Yanzu maganar da ta fi shafar Yaya, kuɗi. Nan ne hanyoyin biyu suka rabu tun daga bakin ƙofa. A tuƙi kai ne za ka fara biya, ka gama, sannan ka fita neman aiki. A hasumiya aikin ne za ka fara samu, sannan wanda ya ɗauke ka ya biya maka karatun. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin zancen.

Matuƙi yana hawa tsani ne. Akwai lasin na farko, PPL, wanda ke buƙatar aƙalla awa 40 a sama, shi wannan ba a cin abinci da shi, na sha'awa ne. Sai lasin kasuwanci, CPL, wanda ake nema da awa 200, ko 150 in a makarantar da aka amince da tsarinta ne ka yi a jere, tare da shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin waje ba da ta jirgi mai inji biyu. Sai babban, ATPL, wanda sai ka tara awa 1,500, kuma shi ne ke ba ka damar zama kyaftin a babban jirgin fasinja. A nan gida muna da kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, NCAT, da aka kafa tun 1964, ga kuma ta Ilori da gwamnatin Kwara ta buɗe, wasu kuma su tafi Afirka ta Kudu ko Amurka ko Jodan su dawo su juya lasin ɗinsu a NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a ƙasar nan. Zariya kiredit biyar take nema har da Turanci da lissafi da fiziks, ba sai da digiri ba, wannan ne ma ya sa yara ke ɗokinta. Amma kuɗin fa, ko a Zariyar, kuɗi ne da zai sayi gida a unguwa mai kyau, dan kowace awa a sama mai ne da gyara da malami, kuma kusan komai na jirgi da dala ake sayo shi. Tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, duk wanda ya yi lissafin karatun waje kafin nan lissafinsa ya rushe, na san gidan da yaronsu ya dawo da rabin awanninsa sabida kuɗin da aka ware ya ƙare a tsakiyar hanya.

Toh amma ramin da ya fi cin mutane ba ma wannan bane. Ramin yana bayan ka gama. Ka riƙe CPL ɗinka a hannu, an yi walima an ɗauki hoto da farar riga da igiya a kafaɗa, sai ka je kamfani su tambaye ka wane jirgi ka iya? Dan ɗan ƙaramin jirgin da ka koya da shi a makaranta, irin su Diamond mai kujera huɗu, ba shi ne Boeing 737 ko Embraer ba. Kowane samfurin babban jirgi sai an yi masa kwas na musamman a cikin simileta, wato na'urar da ke kwaikwayon jirgi a ƙasa, tayif retin suke ce wa kwas ɗin, shi ma wani dunƙulen kuɗi ne kuma yawanci da dala. Ka yi wannan ɗin ma sai a ce ana son mai awa ɗaruruwa a kan jirgin, kai kuma ina za ka samu awannin in ba a ɗauke ka ba? Ga lasin da shaidar lafiya suna da wa'adi, in ka zauna a gida ba ka tashi sai ka sake kashe kuɗi ka sabunta. Mu a Kano mun ga wannan da idonmu. Gwamnatin Kwankwaso a zangonta na biyu ta tura yara 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, abin alheri ne sosai kuma 'ya'yan talakawa ne suka amfana, amma da suka dawo da yawansu sun daɗe suna jira kafin ƙofa ta buɗe musu, sabida wannan matakin na biyu. Wasu Allah ya dafa musu suna tashi yanzu, wasu sun kama wata sana'ar. Wani lokacin kamfani yakan ɗauki nauyin kwas ɗin ya ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru kana masa aiki, in ka samu haka ka gode Allah, amma ba abin da mutum zai sayar da fili ya dogara da shi bane.

Shi ya sa na ce wa Yaya, filin nan in ya isa kuɗin makaranta bai isa na biyun ba, kamar ka gina gida ne har linta ka rasa kuɗin rufi, damina ta zo ta same shi a buɗe.

Akwai hanyar soja, kada in manta. Yaro ya shiga NDA a Kaduna ya faɗa ɓangaren sojan sama, in an zaɓe shi tuƙi gwamnati ce za ta koya masa tun daga Kaduna, kuma waɗannan ƙananan jiragen yaƙin masu ƙara da muke gani suna shawagi a kan Kano na makarantar horon tuƙi ta 403 ne da ke nan garin. Sai dai wanda ya bi nan soja ne kafin ya zama matuƙi, ba shi ke zaɓar inda za a kai shi ba, kuma ba duk wanda ya shiga ake ba jirgi ba.

Ɓangaren hasumiya kuwa, mai ɗaukar aiki kusan ɗaya ne, NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar ƙasar nan da aka kafa a 1999, in ka cire sojan sama da ke da nasu. Akasari sai kana da digiri, an fi son na kimiyya irin su fiziks da lissafi da jogirafi, ka yi bautar ƙasa, ka jira su buɗe ɗaukar ma'aikata, in ka dace su tura ka Zariya, wato makarantar nan dai da matuƙan ke zuwa, kana karatu kana karɓar albashi. Ka gama ka dawo ka zauna kusa da wani tsohon hannu watanni yana sauraron duk kalmar da ta fita daga bakinka, yana da ikon karɓe magana a take in ka kauce, har sai an gamsu NCAA ta ba ka lasin, kuma ƙa'idar duniya sai ka kai shekara 21. Ko ka samu lasin ma, kowace kujera da shaidarta, wanda ya ƙware a hasumiya ba zai zauna gaban rada haka kawai ba, wanda aka ɗauke daga Kano aka kai Fatakwal sai ya sake koyon sararin can. Matsalar wannan hanyar a fili take, ƙofar ƙarama ce, ba kullum ake buɗe ta ba, kuma ba abin da za ka saya da kuɗinka bane ko kana da su. Kowa ya san yadda neman aikin gwamnatin tarayya yake a ƙasar nan. Dan haka wanda ya ce wa Yaya kyauta ne bai yi ƙarya ba, amma bai faɗa masa cewa sai an yi shekara huɗu a jami'a sannan a yi jiran da ba shi da rana ba.

In an zo albashi, gaskiya ɗaya ce, kyaftin ɗin da ya kafu ya fi kontirola samu nesa ba kusa ba, kuma lasin ɗinsa yana tafiya da shi, in ya tara awanni zai iya neman aiki a Dubai ko Doha ko Habasha. Kontirola ma'aikacin gwamnati ne, albashi da alawus, fansho a ƙarshe, ba zai yi arzikin kyaftin ba. Amma ka duba ɗaya gefen. Kamfanonin jirage a ƙasar nan suna tashi suna faɗuwa kamar kasuwar tumatir, Nigeria Airways da kanta an rufe ta a 2003, kuma duk ɗan Kano mai shekaru zai iya lissafo maka sunayen kamfanonin da ya hau jirginsu a da yanzu babu su. A 2020 da korona ta rufe filayen jirage matuƙa da yawa a duniya sun zauna a gida wasu ba albashi. Shi kuwa sararin sama ba a rufe shi da kwaɗo, ko jirgi ɗaya ne zai ratsa sai an samu mai amsa masa.

Sai lafiya, kuma dan Allah duk uban da ke karanta wannan ya riƙe nan wajen. Kafin ka biya ko sisi a kowace makaranta, ka kai yaron wajen likitan da NCAA ta amince da shi a yi masa gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda ake nema ga matuƙin kasuwanci. Ido, kunne, zuciya, hawan jini, suga, da kuma bambance launi, dan akwai yaran da ba sa raba ja da kore sosai kuma ba su taɓa sani ba har sai ranar gwaji. Gilashi kaɗai ba ya hana tuƙi in yana gyara ganin, wannan jita-jita ce. Matuƙi yana maimaita gwajin nan duk shekara, in shekaru suka ja ya koma duk wata shida, ga jarrabawar simileta da ba ta ƙarewa har ya yi ritaya, kuma a jiragen ƙasa da ƙasa shekara 65 ce iyaka. Ranar da likita ya ce a'a, aikin ya tsaya, ko nawa aka kashe. Kontirola shi ma yana da nasa gwajin, mai daraja ta uku, shi ma ana duba ido da kunne da launi da yadda harshensa ke fita, amma in lafiyarsa ta gaza yana cikin hukuma, akwai ofis akwai koyarwa, ba a kan titi zai tsinci kansa ba.

Yaron ya tambaye ni wanne ya fi haɗari. Nace masa matuƙi ransa yana cikin jirgin, kontirola kuma ransa yana ƙasa amma rayukan da ke wuyansa a awa ɗaya sun fi na matuƙi yawa. Kuma tarihin wannan sana'ar duk da jini aka rubuta dokokinsa. A 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka rasu, kuma babban abin da ya jawo shi ne rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya, shi ya ɗauka an ba shi izinin tashi alhali ba a ba shi ba. Tun daga nan aka ƙara tsaurara kalmomin rediyo, kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izinin ko soke shi, kuma umarni mai muhimmanci sai matuƙi ya maimaita shi kontirola ya ji da kunnensa. A 1 ga Yulin 2002 kuma a kudancin Jamus, kontirola ɗaya ne ke riƙe da aiki cikin dare a cibiyar Zurik ta ƙasar Suwizalan, ya ce wa jirgin Rasha ya yi ƙasa, na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin kuma ta ce ya yi sama, matuƙan suka bi kontirola, suka haɗu da jirgin kaya, mutum 71 suka mutu yawancinsu yara 'yan makaranta. Bayan nan aka daddale cewa in na'urar ta yi magana ita za a bi. Na ba shi waɗannan labaran ne ba dan in tsorata shi ba, sai dan ya gane cewa duk kujerar da ya zauna a cikin biyun nan amana ce.

Mu kuma a nan muna da namu jarrabawar duk shekara, hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da in ka tsaya a bakin tashar fasinja ba ka hango ƙarshen titi. Na sha tsayawa da fasinjojina tun safe har la'asar, tsofaffi da jakunkuna da buta, ana ta zagin kamfani, alhali can sama wani matuƙi ne ke kewaye yana kallon mansa yana raguwa, yana lissafin ko ya gwada sauka ko ya juya Abuja, a ƙasa kuma kontirola yana karanta masa nisan gani da masu hasashen yanayi na NiMet suka bayar, yana riƙe da wasu uku a bayansa kowa a tsayinsa. A irin wannan ranar ne za ka ga bambancin aikin biyu ƙarara. Kontirola zai ba da bayani ya ba da hanya, amma hukuncin ƙarshe na a sauka ko a fasa na kyaftin ne. Dattawan garin nan ba su manta 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 da ya taso daga Jidda zai je Legas aka karkato shi Kano sabida yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kayan aiki sun canja sosai tun daga lokacin, akwai na'urar da ke jagorantar jirgi har bakin titi, an kuma ƙaddamar da radar da ta game ƙasa a 2010, duk da haka ƙungiyar kontirololin Najeriya ta sha fitowa tana kukan ƙarancin ma'aikata da tsufan kayan aiki, kuma wanda zai shiga ya kamata ya san da haka, dan ƙarancin hannu yana nufin dutin da ya fi ƙa'ida tsawo.

Rayuwar gida ma abin dubawa ce, mu da muke da zumunci da biki da jana'iza kusan kullum. Matuƙi yau yana Legas gobe Jidda, lokacin aikin Hajji iyalinsa sai su yi kwanaki ba su gan shi ba, azumi yana kama shi a sama, sallah sai ya haɗa ya yi ƙasaru. Kontirola yana kwana a garin da yake aiki, amma dutin safe da na rana da na dare ke juya shi, lokacin Sallah in layinsa ne yana can mutane suna hawan Daushe, kuma takarda ɗaya za ta iya ɗauke shi daga Kano ta kai shi Yola ko Kalaba. Duk su biyun ba aikin takwas zuwa huɗu bane.

Turanci kuwa ba gudu ba ja da baya a duka biyun, hukumar jiragen sama ta duniya ICAO ta sa mataki na 4 a matsayin mafi ƙaranci ga matuƙi da kontirola. Ba Turancin burga ake nema ba, ana son wanda zai ji maganar Bahabashe da Balarabe da Bature ta cikin rediyo mai shashsheƙa ya gane a karo ɗaya, ya kuma amsa a taƙaice. Yaranmu da yawa suna da ƙwaƙwalwar lissafi amma bakinsu yana nauyi in an zo magana, wannan abu ne da ake gyarawa tun yanzu da sauraro da yawan furtawa, ba sai an shiga makaranta ba. Kuma 'yan mata ma su ji, ba aikin maza kaɗai bane, Kyaftin Chinyere Kalu mace ce kuma har shugabancin kwalejin Zariya ta riƙe, ga mata suna aiki a hasumiyoyin ƙasar nan.

Ni dai ra'ayina, kuma na faɗa a gaban uban da ɗan, in yaro yana son jirgi ne sabida farar riga da hoto da yadda ake kallon kyaftin in ya ratsa cikin fasinja, kada a sayar da ko akuya. In kuwa tashin ne da kansa yake so, irin son da zai sa ya jure shekara biyu ko uku yana zaune da lasin a aljihu ba aiki bai karaya ba, kuma gidan suna da ƙarfin matakin farko da na biyu ba tare da an jefa sauran 'ya'ya cikin wahala ba, toh bismillah, sana'a ce mai kyau kuma arewa tana buƙatar 'ya'yanta a ciki, ga Max Air ga Azman ga Rano duk na mutanenmu ne. Amma kar wanda ya je hasumiya da zuciyar wanda aka kora daga tuƙi. Wajen yana son wani irin mutum ne daban, mai sanyin kai, wanda za a yi masa magana uku lokaci guda ya riƙe duka, wanda ba ya jin kunyar cewa maimaita ban ji ba, wanda kuma zai iya sauke jirgi ɗari lafiya ya koma gida ba wanda ya san sunansa kuma hakan bai dame shi ba. Ɗan yayana, a yadda na san shi, yaro ne mai natsuwa da ba ya firgita, tun yana ƙarami in ana rigima a gida shi ne mai raba wa kowa magana, ni na fi ganinsa a can sama cikin gilashi, amma ban ce masa dole ba.

Abin da muka tsayar a daren nan shi ne filin yana nan ba za a taɓa shi ba tukuna. Za a fara kai shi gwajin lafiyar nan a ga abin da likita zai ce, zai cike JAMB ya nemi fiziks a BUK, ya kuma cike fom ɗin NDA in an buɗe, dan digirin zai yi masa amfani ko ta wace ƙofa ya shiga, kuma shekara 22 ko 23 ba ta yi latti ga fara tuƙi ba in Allah ya kawo mai ɗaukar nauyi. Na kuma yi masa alkawarin zan nemi izini a rubuce a kai shi hasumiya ya tsaya a bayan mai aiki kamar yadda na tsaya, sannan in an samu hutu mu hau mota mu je Zariya ya ga ƙananan jiragen da idonsa ya yi magana da ɗaliban da ke ciki. Da zan fita ya rako ni har bakin lungu, muna tsaye wani jirgi ya taho ta kan unguwar fitilunsa a kunne ya sauke tayoyi, yaron ya bi shi da kallo har ya ɓace bayan gidaje, sannan yace, "Baffa, yanzu kenan akwai wanda yake masa magana?" Nace akwai, tun yana wajen Zariya ake miƙa shi hannu zuwa hannu. Yace ranar da za a je hasumiyar in gaya masa tun da daddare dan ya goge kayansa.